Yadda Za Ka Zaɓi Wurin Kamun Kifi Ko Farauta Idan Daga Zariya Za Ka Tashi

Da an kwashe masara da dawa daga gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai maganar fita ta taso a majalisun Zariya. Wannan ya ce a tafi madatsar ruwa ta Tiga, wancan ya ce in ba Argungu ba to a fasa, wani kuma karnukansa sun ƙoshi sun huta, dawa kawai yake so. Mafi yawan wannan shiri a baki yake ƙarewa. Wanda aka samu aka tafi kuwa, sau da yawa akan dawo da gajiya da buhu wayam, saboda sunan wuri aka bi. Ni a ganina wurin shi ne abu na ƙarshe da ake yanke wa hukunci. Kafin shi akwai lokaci, akwai hanya, akwai kuma mutumin da zai karɓe ka a can, domin duk ruwan da ka gani a ƙasar nan yana da mai shi, haka ma daji.

Mataki na farko: me kake nema?

Ku zauna da abokan tafiya ku faɗa wa juna gaskiya. Mai son ya zauna a inuwa da fatsa ya huta daban yake da mai son shiga kwale-kwale tare da masunta ya ga yadda ake jan taru. Mai son kallon bikin su daban, mai son bin karnuka a kori zomo daban. Akwai kuma wanda burinsa ya ga giwa da gwanki da idonsa, shi wannan yawon buɗe ido yake nema, kada a saka shi cikin mafarauta. A nan ne kuma za a san kwana nawa za a yi, nawa ke aljihun kowa, da ko akwai yaro ko dattijo a tafiyar. In akwai ɗaya daga cikinsu, kwanan daji da shiga jirgi sun fita daga lissafi tun yanzu.

Mataki na biyu: duba wata kafin ka duba hanya

Wannan matakin shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ke raba mai sa'a da mai wahalar banza.

Damina a Zariya takan kama daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta. A farkonta, idan sabon ruwa ya shigo kogi ya yi ja, tarwaɗa takan motsa ta bi gefe tana neman abinci, mai fatsa da tana yakan samu rabonsa da yamma. Amma da Agusta ta shiga, Galma, kogin da ke gefen gari, ta cika ta batse, ka haƙura. Ruwan yana da ƙarfin da ido ba ya gani, gaɓa tana zaftarewa, kifin kuma ya watsu cikin ciyawar fadama yana ƙwai, ga haɗari ga rashin kamu. Lokacin da na fi so shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Ruwa ya fara janyewa ya koma mazauninsa, kifin da ya yi ƙiba a fadama ya biyo shi, hanyoyin ƙauye sun bushe mota tana iya shiga.

Tsakiyar hunturu kuma ruwa kan yi sanyi, kifi ya rage ci da asuba. Wanda ya yi sammako a Janairu yakan zauna yana rawar ɗari ƙugiya ko motsi ba ta yi. Gara ka bari hantsi ya dubi ludayi, karfasa ta fito gefen ciyawa inda rana ta ɗumama. A bazara, wato Maris da Afrilu, tafkuna suna ƙafewa, kifi ya taru a ɗan gurbin da ya rage. Lokacin ne ƙauyuka ke sa ranar su, kowa ya fito da homa, wato ragar hannu, da gora. Lokacin ne kuma ake tono gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta jira damina. In su na gayya kake so ka gani, watan da za ka nema ke nan, kuma ranar ba kai ke sa ta ba, masu tafkin ne.

Farauta kuwa ta rani ce, bayan an gama girbi kaf. Da damina ciyawa ta rufe ko'ina, amfani yana gona, namun kuma suna da ciki ko suna shayarwa. Mai shiga dawa a lokacin yana ɓata wa manomi, yana kuma kashe naman baɗi.

Mataki na uku: soke wuraren da ba a zuwa

Ka ɗauki takarda ka rubuta duk wuraren da aka ambata a majalisa, sannan ka fara sokewa. Dalili biyu ne ke sa a soke wuri: tsaro da doka.

Duk ɗan Zariya ya san halin da dazukan yamma da mu suka shiga a shekarun nan, tun daga wasu sassan Giwa har Birnin Gwari, da dajin Rugu a ɓangaren Katsina, da hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Al'amarin yakan lafa ya kuma tashi, don haka labarin bara ba ya amfani bana, na watan jiya ma ba lallai ya yi ba. Wanda za ka tambaya shi ne direban da ya bi hanyar jiya, a tashar Kwangila ko ta Ɗan Magaji, da mutumin ƙauyen da ya kwana a can. Idan amsar ta zo da "to, Allah dai ya kiyaye", ka soke. Babu kifin da ya kai a sa rai a kansa.

Ta fuskar doka, gandun Kamuku da ke Birnin Gwari na gwamnatin tarayya ne, an haramta farauta a cikinsa, haka gandun da ke kewaye da tafkin Kainji. Yankari ta Bauchi wurin kallo ce: giwaye, gwanki, birai, ga ruwan ɗumi na Wikki. Ka tafi da iyalinka da kyamara, ka bar kare da gora a gida. Dajin Falgore da ke kan hanyar Kano zuwa Jos shi ma gandun gwamnati ne mai ma'aikata, ba dawan kowa da kowa ba. Bindiga ko ta toka ce, wadda ake ɗurawa ta baki, doka ta ce sai da lasisin 'yan sanda. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta hana zuba guba a ruwa, ta hana abin fashewa da lantarki. Duk inda ka ji ana zuba wa tafki maganin ƙwari don kifi ya taso, kada ka ci kifin wurin, kada ka koma.

Akwai kuma maganar tafiya mai nisa da makami. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, har yanzu yana yi mana ciwo. Ba su cancanci abin da aka yi musu ba ko kaɗan. Sai dai ƙasar ta zama wurin da ganin baƙi da karnuka da bindigogi cikin mota ke tayar da hankalin mutane. Shi ya sa nake ba da shawarar a yi farauta a inda aka san ka, ko aka san wanda ya kawo ka, da takardunka a aljihu.

Mataki na huɗu: fara daga kusa

Abin da ya rage a takardarka, jera shi daga na kusa zuwa na nesa, kuma kada ka raina na kusa.

Galma tana nan gabas da gari, ka bi hanyar Jos ta wajen Dakace ka same ta. Ga mai fatsa na yini ɗaya ta isa: tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, wani lokaci ragon ruwa a wuri mai zurfi. Da rani masu noman rani sun jera injinan ban ruwa a gaɓarta, don haka ka nemi gurbi mai zurfi nesa da ƙarar inji, ka kuma kiyaye tumatir da albasar mutane. Kubanni kuwa, bayan ta ratso gari ta kwashi dattin kwatoci, ni ba na ba kowa shawarar cin kifinta a wannan ɓangaren. Madatsarta da ke Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello ce, ruwan shan jami'a ne, ba a shiga sai da izinin masu ita. In kana son ruwa mai faɗi ba tare da ka bar ƙasar Zazzau ba, akwai madatsar Galma a Ƙaramar Hukumar Kubau, akwai ta Kangimi a ɓangaren Igabi.

Ga mai kwana ɗaya ko biyu, Tiga ce na fi zaɓa. Ka bi hanyar Kano, ka karya a Kwanar Ɗangora. An kammala madatsar a 1974, zamanin Audu Baƙo, kuma tun daga lokacin masunta suka kafa zama a kewayenta. Abin da ya sa ta dace da baƙo shi ne akwai mutanen da su ne sana'arsu ta kullum, akwai jirage, akwai masu banda, hanyar kuma ba ta kai ka kwana a kanta ba. Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, ita ma irin wannan ce.

Mai neman babban kifi, giwan ruwa ko tsage mai haƙora a waje, sai ya yi shirin kogin Neja: tafkin Kainji, wanda aka datse a 1968, da Yawuri ƙasar Sarkawa. Wannan tafiya ce ta kwanaki, kuma ruwan ba na wasa ba ne. Yana da faɗin da iska ke tayar da igiya, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashi, akwai dorina a wasu sassan. Ba wurin koyo ba ne.

Argungu kuma biki ce. An faro ta a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya a 2016. Akan yi ta wajen Fabrairu ko Maris a Matan Fada, dubban masunta su auka ruwa lokaci ɗaya da homa da gora. Ba kowace shekara ake yi ba, an taɓa ɗaukar kusan shekara goma ba a yi ba kafin ta dawo a 2020, saboda haka ka jira sanarwa kafin ka sa rana. Kallo za ka je yi, ruwan a tsare yake sauran shekara. Masauki kuma ka neme shi tun da wuri.

Mataki na biyar: nemo mai wurin, ka je leƙo

Da ɗan gari akan ci gari. In takardarka ta rage wuri biyu ko uku, wanda kake da mutum a cikinsa shi ne ya yi nasara, ko da ɗayan ya fi suna. In ba ka da kowa, hanyar samu tana nan cikin gari. Je wurin masu kifi a kasuwar Sabon Gari ka sayi kifi, ka tambayi daga wane ruwa ya fito da wanda ya kawo shi. Dillalan kifi sun san kowane bakin ruwa da wanda ke faɗa a ji a can. Ga farauta kuma, ka nemi Sarkin Bakan unguwarku ko na ƙauyen, ko wani tsohon maharbi.

Sannan mutum ɗaya ko biyu su je leƙo kafin ranar, hannu rabbana, ba fatsa ba kare. A fara da mai unguwa ko dagaci, shi zai haɗa ka da yaron da zai kai ka wurin Sarkin Ruwa. Ka riƙe goro. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaisa sosai, kada ka yi gaggawar faɗin abin da ya kawo ka. In an gama gaisuwa sai ka ce, "Allah ya taimaki Sarkin Ruwa, daga Zariya muke. Muna sha'awar mu zo mu jefa ƙugiya, shi ne muka ce sai mun nemi izini wurin iyayenmu." Yakan ce, "Madalla, samari. Ku nawa ne? Akwai wanda ya iya ruwa a cikinku?" Ka ba shi amsa ta gaskiya. Daga nan shi da kansa zai gaya maka gefen da ba a shiga, inda aka kafa kalli da mali na mutane, wato raga da tarkon kifi, da gurbin da ke cin mutum. In akwai abin da ake bayarwa, ka bayar ba tare da ciniki ba.

Ka yi ƙoƙari leƙon ya kama safiya, lokacin da jirage ke dawowa. Tsaya a bakin ruwa ka leƙa cikin kwale-kwalen da ya fara isowa. Za ka ga ruwa ya taru a ƙasansa, tarwaɗa tana mutsu-mutsu a ciki, ƙurungu yana ƙara ya miƙe ƙayoyinsa, masuncin yana kama shi ta bayan kai da yatsu uku don kada ya soke shi. Duba girman kifin. In duk karfasar ba ta wuce yatsu uku ba, kuma idon ragar ƙanana ne kamar na gidan sauro, an cinye ruwan, ba abin da fatsarka za ta samu. In kuwa ka ga masu saye suna rububi da kwanoni, hayaƙin banda yana tashi a bayan rumfuna, ruwan yana da rai. Ka tambayi abin da kifin wurin ke ci a wannan watan, ko tana, ko gara, ko hanjin kaza, ko dusa da aka cuɗa. Ka kuma duba jirgin da za a ba ku: ko yana yoyo, mutum nawa yake ɗauka, wa zai tuƙa.

In ƙasan madatsa ne wurin, ka tambayi lokacin da ake sakin ruwa. Wurin da ka tsaya ruwa iya gwiwa yana iya kai wa wuya cikin ɗan lokaci.

Leƙon dawa

Shi ma da sassafe ake yin sa, tare da ɗan ƙauyen, kafin shanu su taka sawu. A gaya wa juna gaskiya: kewayen Zariya gona ta cinye daji, wanda ke mafarkin barewa ko gada a kusa zai sha jira. Abin da ke akwai shi ne zomo, kurege, gafiya, gyazbi a bakin fadama da gonakin rake, fakara, da zabin daji. Su ma sun isa a yi yini mai daɗi.

Bi gefen gonar da aka girbe inda ta haɗu da saura. Kashin zomo ƙanana ne masu zagaye, in sabo ne yana da ɗan duhu da laima, in ya yi fari ya bushe zomon ya daɗe da barin wurin. Fakara takan bar ɗan rami a ƙasa mai laushi inda ta yi birgima, da gashi ɗaya ko biyu. Zabi kuma da magariba za ka ji su suna kiran juna za su hau bishiya. In ka yi tafiyar awa guda ba ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai toka da kututture, an riga ka.

Ka tambayi inda rugar Fulani take da inda ake kiwo, a je a gaishe su a sanar da su ranar, domin kare da garke ba sa haɗuwa lafiya. Ka tambayi ko akwai rogo ko rake da ba a cire ba. Ka tambayi ko wata tawagar ta riga ta sa rana a wannan dawan, saboda rigimar farauta mafi muni a kan nama ɗaya take tashi tsakanin ƙungiya biyu. Wani lokaci ma hukuma kan dakatar da farautar gayya saboda irin wannan, sai ka bincika a ofishin 'yan sandan yankin. Kuma duk tawagar da ta ce sai an cinna wa daji wuta, ka raba hanya da ita. Wutar hunturu ba ta da linzami, takan ci karan mutane da rumbunansu, ta kashe har abin da ba a ci.

Wurin da za ka zaɓa ya zama wanda za ka iya cim ma nama da wuri. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da koyayyen kare ya kamo idan an ambaci sunan Allah, kuma in ka iske shi da rai sai ka yanka. Sarƙaƙiyar da za ta hana ka isa wurin kare cikin lokaci ba ta dace da kai ba.

Mataki na shida: ina asibiti?

Kafin ka yanke, ka san nisan wurin da asibiti mafi kusa, da ko waya tana kamawa, da ko mota tana isa ko sai babur. Kububuwa da kasa suna son irin wuraren da mafarauci ke takawa. In maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti, kuma daga yankinmu babban wurin shi ne asibitin koyarwa na Shika. Ruwan da ke kwance mai katantanwa shi ke kawo tsargiya, don haka a hana yara wanka a ciki, wanda kuma ya ga jini a fitsari bayan tafiya ya je a duba shi. Zazzaɓin Lassa daga ɓera yake, ya kuma fi yawa da rani, sai a bar tonon ramin ɓera. Duk mai shiga jirgi ya sa rigar da ke hana nutsewa ko da ya iya iyo, kuma a fito daga ruwa kafin magariba.

Mataki na ƙarshe: daren tafiya

Ka bar wa na gida sunan ƙauyen, da sunan mai masaukinku, da sunayen abokan tafiya, da lokacin da za a sa ran ganinku. Bayan isha'i ka kira mai masaukin ka ce, "Baba, muna nan tafe gobe in Allah ya kai mu, yaya garin?" Ka saurari amsar da kyau. In ya ce ku taho, ku tashi bayan asuba, don tafiya da dawowa duk su kasance da rana. In ya ce ku ɗan dakata, kada ka tambaye shi dalili a waya, kada kuma ka bari wani cikin tawagar ya ce ai an riga an sayi mai. Ku koma wuri na biyu da ke takardar, in shi ma akwai wanda ya san da zuwanku, in babu ku ɗaga zuwa wani makon.